Jar Waya da Farar Waya

Yau maganarmu a kan gidajen kallon ƙwallo take, daga Dabawa zuwa cikin Dutsin-Ma da Kurfi. Mutum ya sa kuɗinsa ya sayi sabuwar talabijin, hoto tangaran, amma sauti sai gunji da ƙara, har na baya ba sa jin mai sharhi. Wannan yana damuna, domin sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, haɗin ne ba daidai ba.

Yawancin sababbin talabijin sautin dijital suke fitarwa ta wayar haske, tsohuwar amfilifaya kuwa ba ta gane shi. Shi ya sa ake sa ƙaramin akwatin da ke juya shi. A bayansa akwai rami ja na lasifikar dama da fari na hagu. Ja ya tafi ja, fari ya tafi fari. Rawaya da kuke gani a dikoda ta hoto ce, ba ruwanta da sauti.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne cusa wayar a ramin makirufo na amfilifaya. Wannan ramin don sauti mai rauni aka yi shi, abin da akwatin ke turowa ya fi ƙarfinsa, sai murya ta dagule, wani lokaci lasifika ta ƙone. A nemi ramin da aka rubuta wa AUX ko LINE. Idan aka ji shiru ko shuuu, a shiga saitin talabijin a zaɓi PCM, don ƙananan akwatunan nan ba sa karanta Dolby.

Kuma don Allah a kashe amfilifaya kafin a taɓa waya, musamman in janareta ke aiki.