Magana a Kan Rubuta wa Musaki Takardarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, maganarmu ta yau a kan takardar nan ce da a ke kira fom, wadda hukuma ta kan ba makafi da guragu da kutare su cika, domin a sake duba halinsu, a ga ko za a ci gaba da ba su abin da a ke ba su ko a yanke.

Ku sani, yanka wa musaki rabo daga baitulmali ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Masu tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki, na Banu Umayya, ya sa wa makafi 'yan jagora, ya sa wa guragu masu yi musu hidima, ya yanka musu abin masarufi don kada su yi bara. A ƙasarmu kuwa, cikin shekara ta 2007, gwamnatin Jigawa, zamanin Gwamna Sule Lamido, ta fara ba nakasassu naira 7,000 kowane wata. Duk inda a ke rabo daga taska kuwa tilas a riƙa bincike, gama wani ya mutu, wani ya ƙaura, wani lafiyarsa ƙalau aka cusa sunansa. Saboda haka binciken kansa ba wulaƙanci ba ne. Amma musakin da bai sami mai rubuta masa ba, shi a ke fara shafewa.

Ayar bashi, ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta umurci marubuci da adalci, ta hana shi ƙin yin rubutu, kuma ta ɗora wa waliyyi shibta a madadin mai rauni. A kan bashi ta sauka, gaskiya ne, amma ladabin alƙalami da ke cikinta ya game kowace takarda da haƙƙin wani ya rataya gare ta. Kada malami ya ce wannan aikin 'yan boko ne. Ni ban san baƙin boko ba, amma akwai almajiri da ya sani: shi ya karanta tambaya ya rubuta, ni in tsaya ga gaskiyar amsa.

Haka muka yi wa wani abokina, wanda muka yi karatun allo tare, shan inna ya kama ƙafafunsa tun yana yaro. Almajiri ya karanta masa tambaya a kan yadda ya ke ji da jikinsa, sai ya ce a rubuta, da sauƙi, alhamdu lillahi. Na ce wa almajiri ɗaga alƙalaminka tukuna. Na tambaye shi, wa ke ɗebo maka ruwan alwala? Ya ce ɗan ƙanensa. Kadan damina ta sauka kekenka na hannu yana fita lungu? Ya ce ba ya fita. Kafaɗun nan da ka ke tuƙi da su fa? Ya yi shiru, sa'an nan ya ce sun daɗe suna hana shi barci. To, shi ne mutumin da ya ce da sauƙi.

A nan ne yawancin mutanenmu su ke faɗuwa. Mun taso da kunya, ko mutum yana gargara aka gaishe shi sai ya ce da sauƙi, kuma ladabi ne mai kyau a wurin gaisuwa. Amma akawun da zai karanta takarda bai zo gaisuwa ba, bai taɓa ganin mai ita ba, abin da ke rubuce kaɗai ya sani. Ya ga an rubuta sauƙi, sai ya hukunta da sauƙi. Malamai sun bambanta tsakanin kai ƙarar Ubangiji wurin bayi, wanda ya ke ɓata haƙuri, da bayyana ciwo ga mai magani ko mai hukunci domin buƙata, wanda ba laifi a cikinsa. Abokina ya yi jayayya da ni a kan wannan, shi ma mai karatu ne, sai da muka daɗe kafin ya yarda a rubuta halin da ya ke ciki yawancin kwanaki, ba halin ranar da ya fi ƙarfi ba.

Amma ku yi hattara da ɗaya gefen. Akwai marubucin da tausayi ko kwaɗayi kan sa ya ƙara gishiri, mai ido guda ya mai da shi makaho, mai ɗingishi ya mai da shi mai jan gindi. Wannan shaidar zur ce, wadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya lissafa cikin mafi girman kaba'ira tare da shirka da saɓa wa iyaye, kamar yadda Buhari da Muslimu suka ruwaito. Kuɗin nan ƙidayayye ne, wanda ya shiga da ƙarya wani ya ture. Haka kuma wanda ya ɓoye mutuwar musakinsa yana karɓar rabonsa.

Sai maganar suna. Mutum guda ne, a katin ɗan ƙasa Muhammad, a banki Muhammadu, a bakin unguwa Mamman. Kwamfuta ba ta san alkunya ba, harafi ɗaya ya saɓa sai ta ce mutum biyu ne. Ku kwafi suna daga kati harafi da harafi kamar mai darasu. Lambar NIN alƙalumma 11 ce, ta BVN ma 11, ku ƙidaya su da yatsa. Sa'an nan ku karanta wa mai takarda dukan abin da aka rubuta kafin ya dangwala, balle makaho. Ku ɗauki hotonta da waya ku ajiye, ku tambayi ranar da za a rufe karɓa.

Wani ɗalibi ya tambaye ni hukuncin karɓar lada a kan wannan rubutu. Na ce ijara a kan rubutu ta halatta kadan an san ladan, an yanka shi tun farko. Amma ka ce sai an riƙa ba ka wani abu kowane wata, ko ka riƙe katin bankinsa wai kana adana masa, wannan cin dukiyar mai rauni ne, ko da ya ce ya yarda, gama yardar wanda ba shi da wata dabara ba yarda ba ce.

Ranar kai takarda ku raka shi. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin Janairu 2019, ta ce a gabatar da su a wurin layi. Ku faɗa wa mai tsaron ƙofa haka da lalama, kada ku bar gurgu cikin rana yana jiran masu ƙafa su gama. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, wassalamu.