Ƙididdigar Asibiti: Darasi Daga Zariya



Idan haihuwa ta yi wa mace gardama a Samaru ko Sabon Gari, dangi sukan tsaya shawara: Shika za a kai ta, ko Ƙofar Gayan, ko Wusasa? Galibi da jita-jita ake yanke shawarar, alhali kuwa kowane asibiti yana da littattafan da ke nuna mutum nawa aka kwantar, nawa aka sallama, nawa suka rasu.

Zariya ta daɗe da nuna wa duniya amfanin wannan ƙididdiga. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tun yana Tudun Wada kafin ƙaurarsa zuwa Shika a 2005, sun bi diddigin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Mata 238 suka rasu. Wanda ya dubi adadin nan kurum sai ya ɗora wa likitoci laifi. Amma da aka rarrabe, sai aka tarar galibin mamatan ba su taɓa zuwa awon ciki ba; an kawo su ne a galabaice. Cikin masu zuwa awo kuwa, kaɗan ne ƙwarai suka rasa rayukansu.

Saboda haka kwatanta asibitoci yana bukatar hankali. Babban asibiti shi ake tura wa waɗanda suka fi jin jiki, don haka mamatansa kan fi yawa ko da aikinsa ya fi inganci. Ƙaramin asibiti kuwa yana iya tsira da sunansa ta hanyar tura majinyaci gaba ya cika a hannun wasu. Duk wanda aka nuna masa adadi, sai ya yi tambaya uku: cikin mutum nawa? A wane hali suka iso? Awa nawa suka jira kafin a sami jini ko a shiga tiyata?

Ku matasan ma'aikata, a hannunku littattafan nan suke. Wanda ya ɓoye mutuwa guda don ya faranta wa na sama rai, ya toshe hanyar gyara, ya cuci matar da za a kawo gobe. Ku ɗalibai kuma, ku nemi hukuma ta riƙa bayyana sakamakon asibitocinta kowace shekara, domin da dukiyar jama'a aka gina su, gani kuwa ya kori ji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.