Shirya Gida Kafin a Ɗauke Shi Hoto Domin Sayarwa

Jawabi ga hakimai da malamansu

A da, in mutum zai sayi gida, shi da kansa ya kan taka ya je, ya shiga zaure, ya ƙwanƙwasa azara, ya leƙa rijiya, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya ke bi da damina. Yanzu kuwa abin da ya kan fara isa gare shi hoto ne. Dillali ya ɗauka da wayar hannu, ya aika ta WhatsApp ko ya sa a Facebook, wani ɗan kasuwa yana zaune a Ikko ko Jidda ya gani, har ya ba da kafin alƙalami bai taɓa ganin ƙofar gidan ba. Da ya ke in ciniki ya lalace wurin mai unguwa da dagaci da hakimi a kan fara kai kuka, ya kamata hakimai su san yadda a ke shirya gida domin hoto, su kuma san inda gyara ya ƙare, ha'inci ya soma.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga shari'a. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, kuma mas'alar tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid. In mai saye ya tarad da abin yadda aka siffanta masa, ciniki ya ƙullu. In ya tarad da shi dabam, zaɓi yana gare shi. To, hoto shi ne siffantawar wannan zamani. Wanda ya yi ƙarya da hoto daidai ya ke da wanda ya yi ta da baki.

Saboda haka duk abin da zai sa a ga gida yadda ya ke, abu ne mai kyau. A share tsakar gida, a kwance igiyar shanya, a jingine turmi da taɓarya waje guda, a kau da bokitai da butoci da itacen girki, a ɗaure awaki a bayan gida. A yashe magudana, a ɗebe yanar gizo-gizo daga rufi, a sa sabon ƙwan lantarki inda ya mutu. A ɗage labule, a buɗe tagogi. Ɗakin da aka cika da tarkace ya kan ƙanƙance a hoto, mai shi ya yi hasara ba da wani dalili ba.

Amma akwai gyaran da ba gyara ba ne. Bango ya tsage daga tushe, a jingina kabad a gabansa. Danshi ya ci gindin ɗaki, a shafa masa fenti ana gobe hoto. Gara ta cinye azara, a rufe da silin. Soro yana yoyo, a jira rani sa'an nan a ɗauka, a yi shiru. Wannan duka ɓoye aibi ne, kuma aibin da aka ɓoye yana ba mai saye ikon mayad da ciniki. Damina ɗaya ta isa ta tona asiri, a lokacin kuwa an riga an kashe kuɗin, wani lokaci ma an rarraba su ga magada goma. Abin da ya fi, mai gida ya gyara ɓarnar sosai, ya yi yaɓe, ya sake indararo. In ba shi da hali, ya bari a ɗauki hoton wurin yadda ya ke, ya rage kuɗi gwargwado.

Game da ɗaukar kanta, haske shi ne babba. Gidan da ƙofarsa ke duban gabas da hantsi a ke ɗaukarsa, mai duban yamma kuwa bayan la'asar, domin rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Tsakar rana ba ta da kyau, inuwa ta kan yi baƙi ƙirin, farin bango kuma ya kashe ido. Ranar da hazo ya sauko da hunturu gara a dakata. Mai ɗauka ya goge idon wayarsa, ya kwantad da ita a gicciye daidai ƙirjinsa, ya tsaya a kusurwar ɗaki ko bakin ƙofa. Wayoyi da yawa suna da wani ido mai faɗaɗa wuri, wanda ya kan mai da ɗan ƙaramin ɗaki kamar zauren sarki. Maganin wannan a rubuta awon kowane ɗaki da ƙafa a ƙarƙashin hotonsa, haka kuma awon fulotin. Kada a manta da abin da mai saye zai fara tambaya, watau rijiya ko burtsatse, da mitar lantarki, da makewayi, da hanyar da ta biyo ƙofar gida.

Sa'an nan ga maganar cikin gida, wadda dillalai su kan yi wa riƙon sakainar kashi. Baƙon namiji ba ya wuce shigifa sai da izini, riƙe waya kuwa bai sake wannan ba. A sanad da matan gida tun da kwana ɗaya, su kintsa, su koma gefe, ko kuma ɗan gida ya karɓi wayar ya ɗauka da kansa. Fuskar mace ko ta yaro ba ta da wuri a hoton ciniki. Jeren ɗakin mace, da gadonta, da akwatunanta, dukiyarta ce, ba ta cikin abin da a ke sayarwa. Nuna su ga mutanen da ba a sani ba gayyatar ɓarawo ne kawai. Haka lambar mota da takardun da ke rataye a bango. In 'yan haya ne a ciki, su ma a nemi yardarsu, gama hoton da ya fita ba ya kiruwa.

Gidan gado ya fi kowane bukatar lura. Sau da yawa magaji ɗaya ya kan kira dillali a ɓoye, sai 'yar'uwarsa da ke aure a wani gari ta ga gidan ubanta a waya an sa masa kuɗi. Masu unguwa su ja kunnen dillalan unguwarsu, kada a ɗauki gidan gado hoto sai magada duka sun yarda, ko alƙali ya raba.

Hoto kuma ba ya nuna mai gida, gidan kaɗai ya ke nunawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta bisa amana, wanda kuma ya ke riƙe da takardar shaidar mallaka ta gwamna ba ya mayad da ita ga wani sai da yardar gwamna. Domin haka in aka zo neman shaidar hakimi a kan ciniki, malami ya nemi ganin takardun asali tukuna. Ya tambayi mai saye ko ya ga gidan da idonsa, ko wakilinsa ya gani. In a kan hoto kaɗai ya saya, malami ya rubuta haka a takardar ciniki, ya sa a buga hotunan a takarda, mai sayarwa da shaidu biyu su sa hannu a bayan kowane ɗaya tare da kwanan watan da aka ɗauka, a ajiye su a ofishin hakimi.