BAƘO RAƁA NE? Maganar 'Yan Gudun Hijira a Ƙasar Gumel

(Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Gumel. Mun buga ta a nan saboda waɗanda ba su sami halarta ba.)



An nemi in yi magana a kan 'yan gudun hijira, da yadda za a taimake su su sake kafa sana'o'insu da al'adunsu a inda suka sauka. Na ga ya fi kyau in ɗora maganar a kan ƙasarmu, watau Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar da Gumel ɗin kanta, domin ita muka sani, kuma da yawa daga cikinku can za ku koma aiki, wani a ofishin ƙasa da safiyo, wani malamin gona, wani sakatare a ƙaramar hukuma. Ranar da mutanen da masifa ta koro za su tsaya a gaban teburinku, abin da kuka rubuta a fayil shi zai yanke musu hukunci.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A kan wannan karin magana aka gina galibin agajin da muke bayarwa: buhun shinkafa, tabarma, bargo, bokiti, a ɗauki hoto, a watse, ana jiran rana ta fito raɓa ta bushe. To, amma ku dubi lissafi. Sansanin Minawawo a Kamaru an buɗe shi a 2013, na Sayam Foraj a jihar Diffa ta Nijar a ƙarshen 2014, dukansu don mutanenmu da rikicin Boko Haram ya kora. Yaron da aka haifa a can a shekarar farko ya isa gama firamare. Mutanen Burundi da suka gudu Tanzaniya a 1972 sun zauna shekara 42 kafin a miƙa wa kimanin 162,000 takardar zama 'yan ƙasa a 2014. Wanda zai shekara goma a wuri, ba a ciyar da shi da cokali har shekara goma, sai dai in ana so a mai da manomi maroƙi.

Kafin in ci gaba, akwai wani bambanci na doka da ya kamata ma'aikaci ya sani, ko da yake harshenmu bai yi shi ba. Wanda ya tsallaka iyaka, yarjejeniyar Janeba ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ke kare shi. Wanda aka kora daga garinsu amma yana cikin ƙasarsa, yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce tasa, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2012. Mu kam duk 'yan gudun hijira muke ce musu, kuma a wurin tuwon dare ba su da bambanci.

Shi wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu. Sarautar Gumel da kanta daga Tumbi ta taso, garin da yanzu yake cikin Nijar, aka dawo da ita nan wajen 1845, cikin zamanin yaƙe-yaƙe da Damagaram da Haɗeja. Maraɗi kuwa, wadda yau take birnin ciniki, Katsinawan da jihadi ya kora ne suka kafa mulkinta a farkon ƙarni na 19, kuma ba su tafi hannu rabbana ba: sun tafi da sarautunsu, da Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yandaka, har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkinsu. Haka Gobirawa suka yi a Tsibiri. Waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas a 1903, da suka tsira daga Burmi, sun kafa garin Maiwurno a bakin Kogin Nilu a Sudan, suka sami ƙasar noma, jikokinsu suna nan da Hausarsu da Fillancinsu. A duk wuraren nan ba buhun hatsi ya tsayar da mutane da ƙafarsu ba. Ƙasa suka samu, aka bar su da shugabanninsu, kasuwa ta buɗe musu.

Nan kusa kuma, dattawanmu na tune da farin 1973 da 1974, lokacin da Buzaye da Fulani da Damagarawa suka kwararo ta iyakokin arewa bayan dabbobinsu sun ƙare. Da yawa gadi suka kama a Kano, mutumin da ya mallaki raƙuma ya koma kwana a ƙofar gidan wani. A 1984 fari ya sake dawowa, ya tarar an rufe iyaka tun watan Afrilu, ba a buɗe ba sai 1986, shi ya sa mutanen Nijar suka sa wa yunwar suna El-Buhari. Daga 2013 zuwa 2015 sai guguwar ta juyo daga gabas, mutanen Borno da Yobe suka biyo hanyar Nguru da Haɗeja suka shigo Jigawa. Galibinsu ba sansani suka shiga ba. Gidajen 'yan'uwa da abokan ciniki suka sauka, talaka ya raba ɗakinsa da rumbunsa, ba wanda ya rubuta sunansa a littafin masu agaji.

Misalin da nake so mu tsaya a kansa yana Maraɗi. A 2019 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, kafin ƙarshen shekara mutum fiye da 40,000 sun tsallaka jihar Maraɗi, mafi yawansu mata da yara. Gwamnatin Nijar da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira suka ƙi kafa sansani mai shinge. Sai suka zaɓi ƙauyuka masu nisa da iyaka, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, daga baya Cadakori, aka yi wa baƙin matsuguni a jikin garin. Rijiyar burtsatse da makaranta da ɗakin shan magani da aka gina, na kowa da kowa ne, baƙo da ɗan gari. A Garin Kaka matan gudun hijira da matan gari suka haɗa ƙungiya suna matsar man gyaɗa suna sayarwa. Ba na cewa an gama da wahala a can. Ƙasar noma ta yi kaɗan, kuɗin agaji kuma yau akwai gobe babu. Amma dabarar ta dace da abin da muka gada, domin ɗan gari da ya ga zuwan baƙo ya kawo masa ruwan sha, da wuya ya ƙi ba shi aron gona.

To, ga mu a Gagarawa. Abu na farko da manomin da aka koro zai nema shi ne inda zai sa fartanya. Muna da aron gona, muna da haya, muna da jingina, kuma dagaci na da ikon nuna wa baƙo saura. Inda gizo ke saƙa shi ne aron baki da baki. Baƙo zai share gona, ya kai mata taki a kan jaki, shekara ta zagayo ta yi kyau, sai mai ita ya ce ɗansa zai yi aure yana bukatar abinsa. Wanda ya san haka za ta faru ba zai zuba taki ba, balle ya dasa itace. Maganin wannan ba ya bukatar kuɗin ƙasashen waje. Takarda ce guda, a gaban dagaci da shaidu, a ce aron na shekara uku ne ko biyar, a ajiye kwafi a ƙaramar hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a ƙasar karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Ikon yana nan a rubuce, amfani da shi don marar galihu ne ya yi ƙaranci.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa ƙasa a yalwace take. Kun tuna kai ruwa ranar da aka yi wajen 2017 a kan hekta 12,000 da gwamnatin jiha ta ware wa wani kamfanin noman rake a Gagarawa da maƙwabtanta, da ƙorafin manoma a kan diyya. Mutumin da yake ganin gonar gadonsa ma ba ta tsira ba, in ka zo masa da maganar ba baƙo fili ba tare da shawara ba, ka shuka gaba. Ita ce ta sa na ce a fara da aron da mai gona ya yarda da shi da bakinsa, kuma a tabbata shi ma ya ga riba, ko ta taki, ko ta iri, ko ta rijiya. A kuma bar burtali da makiyaya yadda suke, kada a magance wata rigima a haifi wadda ta fi ta.

Sai lokaci. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu. Irin gero da wake da riɗi in bai iso hannun manomi kafin ruwan shuka ba, to abinci ne, za a daka a ci. Takardar da ta kwana sati shida a kan teburin wani akawu tana iya cinye wa iyali shekara guda.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake koyar da sana'a. A tara mutum ɗari a koya musu haɗa sabulu da man shafawa, ko a raba kekunan ɗinki hamsin a ƙauyen da tela uku suka ishe shi. Ba wanda ya tambaye su me suke yi a gida. Alhali cikinsu akwai maƙeri da ba abin da ya rasa sai uwar maƙera da zugazugi, akwai mahauci da ke bukatar wanda zai kai shi gaban sarkin pawa, akwai dukawa da majema, akwai matar da ta shekara ashirin tana tuyar ƙuliƙuli, kasko da jarin tiya biyar na gyaɗa kawai take nema. Masuncin da ya taso daga Baga, mene ne amfanin zaunar da shi a Sule Tankarkar inda ba kogi? A taimake shi ya isa fadamun Haɗeja da Nguru. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ga cinikin riɗi da zoɓo da ƙaro, aiki ba ya ƙarewa. Amma kasuwa ba ta karɓar wanda ba a sani ba. Dillali da amana yake ci, baƙo kuwa sai da mai masauki da zai tsaya masa. Samar masa wannan mutumin ya fi masa takardar shaidar halartar bita.

Ga makiyayi kuwa, Fulani sun riga mu gano hanya. Suna da al'adar da suke kira habbanaye: a ba wanda ya rasa dabba aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan, ya mai da uwar. Bayan farin 1974 ƙungiyoyin agaji a Nijar sun ari wannan dabara don mayar wa makiyaya garke. Mu ma muna da ba da kiwo, inda ake ba mace akuya ko tunkiya a raba abin da ta haifa. Abin da mutane suka sani, suke jin kunyar ci masa amana, ya fi bashin da aka rubuta da Turanci saurin dawowa.

Na zo kan al'ada. In aka ce al'ada, tunanin ma'aikaci yakan tafi ga 'yan rawa da ake kirawo ranar da babban baƙo zai zo. Abin ya fi haka nauyi. Ku ɗauki aure. In an zo neman 'yar mutum, ko ɗansa ya je nema, sai an binciki asali. Wanda garinsu ya watse, wa zai shaide shi? Mai unguwarsu da limaminsu da dattawan da suka san kakansa. In hukuma ta warwatsa mutanen gari ɗaya, gida biyu nan, uku can, ta raba su da shaidunsu, ta raba mata da adashinsu, ta raba maza da gayyarsu, ta raba yara da malaminsu na allo. Don haka in hali ya yi a saukar da su wuri guda, a bar mai unguwarsu ya ci gaba da riƙe su a ƙarƙashin dagacin gari, yadda aka saba yi wa kowane zango. A nuna musu inda za su binne mamatansu ba tare da sun roƙa ba. In Barebari ne, a bar su su yi bikinsu da gangarsu da algaitarsu, yaransu su ji Barbarci a gida. In Fulani ne, wasan da ke tsakaninsu da Barebari ya isa ya narkar da baƙunta cikin yini ɗaya. Mu da sarautarmu ta fito daga Mangawa, muka daɗe muna kai gaisuwa Borno, bai kamata mu ga mutumin gabas mu ce ba mu san shi ba. Gagarawa Tasha ma ai jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru, wanda aka gama shimfiɗa hanyarsa a 1930, shi ya tara mata mutane daga wurare dabam-dabam.

Akwai masu cewa cikin baƙi ake samun ɓata-gari. Tsoron nan yana da dalili, ba na raina shi. Sai dai mutumin da aka rubuta sunansa, aka san mai unguwarsa da gonarsa da rumfarsa a kasuwa, ya fi sauƙin sa ido a kan wanda aka bari yana kwana a tasha.

Matsalar da ta fi dukansu wuya ita ce takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Gagarawa, iyayensa daga Damasak ko Gaidam, ya yi firamare da sakandare a nan, ranar da zai nemi jami'a ko aikin gwamnati sai a ce ya koma ƙaramar hukumar ubansa ya karɓo takarda, garin da bai taɓa gani ba. Wannan ya fi ƙarfin sakatare ɗaya, sai majalisa. Amma takardar haihuwa tana hannunku, rajistar makaranta tana hannunku, katin asibiti yana hannunku. Haka kuma littafin da ake rubuta sunayen waɗanda suka iso. Yadda aka saba, ana rubuta suna da shekaru da yawan iyali. Ina roƙon duk wanda aikin ya faɗo hannunsa ya ja layi uku a gefen shafin: garin da mutum ya fito, wanda yake shugabansu a can, da sana'ar da yake yi kafin ya gudo.

Malam Shugaba, na ga ana nuna mini agogo. Sauran sai a wurin tambayoyi.