Aikin Zawiya a Kan Matsalolin Gari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa a tafarkin Shehu Abdulƙadir Jilani, ƙasar nan ta Gwandu ta san aikin jama'ar addini tun da daɗewa. Jama'ar Malam Abdussalami ce ta zauna a Gimbana, kuma harin da Gobirawa suka kai mata yana cikin abin da ya jawo hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804. Buhari ɗan Malam Abdussalami ne ya kafa Jega. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda jajojinta suke kai karatu ga matan ƙauyuka har cikin gidajensu.

Jarrabawar wannan zamani ta sauya kama. Kasuwar Jega ta bunƙasa, Aliero ta samu jami'a a 2006, samarin Maiyama da Gumbin Kure suna kwarara birane neman abin yi. Tare da wannan alheri sai ga shaye-shaye da bara da yawan mutuwar aure. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Amma hukuma kwalba take iya kamawa. Gyaran zuciyar mai sha aikin tarbiyya ne, tarbiyya kuwa ita ce jarin ɗariƙa.

Saboda haka abu uku ya hau kan kowace zawiya. Na farko, muƙaddami ya san samarin unguwarsa da sunayensu, wanda ya daina zuwa halƙar zikiri a bi sawunsa kafin ya yi nisa, ba tare da tozartawa ba. Na biyu, manomin shinkafa ya fitar da zakka idan ta kai nisabi: ushuri ga wadda ruwan sama ya shayar, rabin ushuri ga ta ban ruwa da inji, a fara da almajirai da zawarawan garin masu bukata. Na uku, albasa ba ta da zakkar amfanin gona a mazhabar Imamu Malik, amma ƙofar sadaka a buɗe take: kowane dillali ya ɗauki yaro guda ya koya masa sana'a.

Allah ya karɓi wannan taro, ya shiryi zuriyar Musulmi, ya maimaita na baɗi cikin lafiya. Amin.