Jawabi Kan Kumburin Fenti a Bangon Azuzuwanmu



An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan abin da dukkanmu muke gani kullum a gefen allo: fentin da aka shafa wa aji bara, bana ya yi bororo kamar fatar da tafasasshen ruwa ya zuba wa, har ya soma ɓamɓarewa. Sau da yawa yara muke ɗora wa laifi, mu ce su ne suke ƙwaƙule bango da farce. Yaro dai abin da ya riga ya tashi yake ƙwaƙula. Abin da ya tayar da shi kuwa, a mafi yawan lokuta, ruwa ne.

Idan fenti ya bushe, yakan zama wata siririyar fata manne da filasta. Matuƙar akwai danshi a bayanta, da zarar rana ta bugi bangon sai danshin ya zama tururi, ya nemi mafita, ya tura fatar waje. Fentin mai, wato mai sheƙin nan, shi ya fi toshe wa bango numfashi. Farar ƙasar da iyayenmu suka saba shafawa takan bar danshi ya fita, shi ya sa ba kasafai ake ganin ta da bororo ba.

To, daga ina ruwan yake zuwa? Babbar hanyarsa gaggawa ce. Sabuwar filastar siminti tana bukatar kamar kwana 28 kafin ta kama jikinta, a damina ma bushewarta takan wuce haka. Amma sai a sa ranar bikin buɗe gini, a gama filasta yau, jibi a shafa fenti domin manyan baƙi su ga ƙyalli. Bayan ruwan da aka rufe a ciki, ɗanyen siminti yana da kaifi irin na kanwa. Iyayenmu mata sun san abin da ke faruwa idan ruwan toka ya haɗu da mai: sabulu ake samu. Haka fentin mai yake yi a kan ɗanyar filasta, ya yi laushi, ya yi danƙo, ya saki bango.

Akwai kuma ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Idan ba a shimfiɗa leda a harsashin gini ba, ko kuma ruwan kwano yana zuba a gindin bango babu magudana, bulo yakan tsotse shi kamar lagwani. Alamarsa ita ce ɓarnar takan tsaya daga ƙasa zuwa wajen ƙugun mutum, tare da wani farin gari mai kama da gishiri. Ƙurar hunturu da shafa fenti a tsakiyar rana su ma suna da nasu laifin, amma bai kai wannan ba.

Gane bambancin ba ya bukatar injiniya. A fasa bororo ɗaya. In an tarar da tsohon fenti lafiya lau a ƙarƙashi, shafin ne bai yi kyau ba. In an tarar da jiƙaƙƙiyar filasta ko farin garin nan, ruwa ne, kuma ko sau goma aka sake fenti ba a tare shi ba, kuɗin yara kawai ake zubarwa.

Wani abin da ya fi damun mu shi ne wasu tsofaffin fentin mai suna ɗauke da dalma. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta hallaka a Zamfara a shekarar 2010 ba. Tasu daga haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Saboda haka kada a sa ɗalibai kankare bango, a kuma share ɓawon da ya zube da jiƙaƙƙen tsumma, musamman a azuzuwan ƙananan yara masu kai komai baki.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu da kwamitocin kula da makarantu shi ne, kafin ku sa hannu a takardar kammala aiki, ku tambayi ranar da aka yi filasta da ranar da aka shafa fenti, ku rubuta su a littafin makaranta. Idan an matsa muku lamba ku karɓi aikin da bai bushe ba, ku sanar da ofishin reshe a rubuce, domin kada gobe a ce ku ne ba ku kula da gini ba.