Jarrabawar Magana da Ba a Buɗe Baki

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in shiga magana.

Mun daɗe muna jayayya da wasu abokan aikina kan abin da ke sa yaro ya yi shekara shida a sakandare, ya fito da kiredit a Turanci, amma a ce ya tashi ya gabatar da kansa sai harshe ya sarƙe. Su sun ce laifin gida ne, wai Hausa ta cika masa kunne. Ni na ce laifin jarrabawa ne, kuma hujjata daga Guangzhou na ɗauko ta.

Bakano ba ya buƙatar a gaya masa inda Guangzhou take. Duk mai ɗan'uwa a Kantin Kwari ya sha jin labarin unguwar Xiaobei da baje kolin Canton da ake yi tun 1957. Labarin makarantunsu ne ba a haɗo mana da kaya ba. Ɗan asalin birnin yana jin Kantonanci a gida, Mandarin a aji, Turanci kuwa darasi ne kawai, ba kamar namu da ake koyar da lissafi da kimiyya da shi ba. Tun 2001 ƙasar Sin ta sa a fara koyar da shi daga aji uku na firamare. Duk da haka su da kansu suka laƙaba wa abin da ɗalibansu ke fita da shi suna "Turancin bebe": a ci jarrabawa, a kasa magana. Ciwonmu ke nan sak.

To, ga abin da lardin Guangdong, inda Guangzhou take, ya yi, kuma a nan nake roƙon ku ba ni hankalinku. Daga 2011 ya sanya gwajin sauraro da magana cikin makin Turanci na gaokao, jarrabawarsu ta shiga jami'a. Ɗalibi zai zauna gaban kwamfuta, abin sauraro a kunne, makirufo a baki. Da farko zai kalli gajeren bidiyo, ya karanta rubutun da ƙarfi yana kwaikwayon mai maganar. Sannan ya saurari wata hira, ya yi tambaya uku da kansa, ya amsa biyar. A ƙarshe a ba shi labari, ya maido da shi da bakinsa. Muryarsa ake naɗa, ita ake ba maki. An fara da maki 15 cikin 150, daga 2021 aka mai da shi 20. Wani zai ce ai 20 ba yawa. A jarrabawar da maki ɗaya ke raba yaro da jami'ar da yake so, babu shugaban makarantar da zai bar ajinsa shiru. Ku lura kuma da tambaya ukun nan. Yaushe rabon da mu bar ɗalibi ya yi tambaya da Turanci? Kullum mu ke tambaya, shi kuma ya amsa da kalma ɗaya.

Mu fa? Takarda ta uku ta Turancin WAEC ita ce ta furuci: tambaya 60 cikin minti 45, duka na canki-canka. Da fensir yaro zai nuna gaɓar da ake ƙarfafawa a kalma, ya miƙa takarda, ya fita bai furta ko harafi ba. Malami kuwa abin da za a tambaya shi yake koyarwa, ban ga laifinsa ba. Na yi shekaru ina cika allo da alamomin furuci, yara suna kwafa, ajin tsit, kuma abin yana damuna har yau.

Rubutu ma haka. A can yanzu ana ba ɗalibi labarin da ba a ƙarasa ba, ya ƙarasa shi da sakin layi biyu, abin da hadda ba ta yi wa magani. Namu kan shiga ɗakin jarrabawa da wasiƙar da suka haddace tun aji huɗu, su canza suna da kwanan wata.

Na san za a ce ba wuta, ba kwamfuta. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma yaran ƙauyukanmu suna zaunawa. Masu cewa Hausa ce matsala kuwa, a daina dukan yara da cin tararsu don sun yi "banakula". Bulalar nan tsoron buɗe baki kawai ta koya musu.

Ba sai mun jira WAEC ba. Ma'aikatar ilimi na da iko kan jarrabawar zango da ta cancanta da ake yi a aji biyar. A ware kaso na makin Turanci don magana, malami ya naɗi muryar ɗalibi da wayar da ke aljihunsa. Kowane mako ɗalibi ya rubuta shafi guda kan abin da ya gani da idonsa, a gyara, a maido masa ya sake rubutawa. Wannan ba zai yiwu ba idan aji ya cika maƙil kuma malami ɗaya ne, saboda haka a ɗauki ƙarin malaman Turanci. Ranka ya daɗe shugaban taro, wannan buƙata ta ƙarshe ita nake so a fara rubutawa cikin takardar bayan taro.